YERIMARAM DA GARIN DA YA TASO YA SAME TA

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu a Potiskum. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi.)



Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu malamai, dattawan kasuwa, iyayenmu mata da ke zaune daga baya, da samarinmu, muna yi wa kowa barka da zuwa. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muna neman afuwa tun kafin mu fara. Mu ba malaman tarihi ba ne. Iyakar karatunmu allo da Islamiyya, sauran kuwa a rumfar kasuwa muka koye shi. To amma tunda kwamiti ya ɗora mana wannan nauyi, za mu faɗi abin da muka ji daga dattawa, da abin da aka rubuta, da abin da muka gani da idonmu. In mun yi daidai daga Allah ne, in mun yi kuskure a gyara mana.

Maganarmu yau a kan Yerimaram ce. Dalili kuwa shi ne, kwanakin baya muna zaune a rumfa sai muka tambayi wani yaronmu, wanda a can yake haya da iyalinsa, ko ya san mece ce Yerimaram. Sai ya ce, "Baba, ai unguwa ce, kamar Dogo Tebo ko Dogo Nini." Ba mu ga laifinsa ba, domin haka ya buɗe ido ya gan ta. Laifin namu ne da ba mu gaya masa ba. Yerimaram gari ce mai sarauta tun kafin a kafa yawancin unguwannin da muke tunƙaho da su yau. Garin ne ya yi ta girma har ya taso ya same ta, ya wuce, ya bar ta a cikinsa.

ASALIN WURIN

Jama'a, ƙasar nan da muke ciki ta Ngizimawa ce da Kare-kare tun fil azal, ga kuma Bolawa da Ngamo daga kudu. Tarihin da Ngizimawa ke bayarwa ya nuna cewa bayan masu jihadi sun ci Birnin Ngazargamu a shekarar 1808, ƙasar Barno ta rikice, jama'a suka yi ta ƙaura. A cikin masu ƙaurar nan akwai wata ƙungiya ta Ngizimawa ƙarƙashin wani shugaba mai suna Bauya, wanda ya gangaro nan ya kafa sarautar Pataskum wajen 1809. Sun ce a harshensu "pata" daji ke nan, "skum" kuwa wani irin itace ne da ya cika wurin a lokacin. Wato sunan garin nan ma'anarsa dajin wannan itace. Bature ne ya karkata harshe ya rubuta Potiskum, mu kuma Hausawa muka ce Fataskum. Dattawan Ngizim suna faɗa cewa a Yerimaram sarakunansu suka zauna suka yi mulki. Shi ya sa har gobe idan Bangizime ya ambaci sunan, za ku ji ba kamar yadda yake ambaton sauran unguwanni ba ne.

Da Turawa suka zo, sai suka yi abin da suka saba yi a ko'ina, wato haɗa ƙananan sarautu ƙarƙashin wadda suka ga ta fi musu sauƙin karɓar haraji. Kafin ƙarshen 1913 sun riga sun mayar da ƙasar Pataskum cikin masarautar Fika. Sannan a 1924 aka taso da fadar Mai Fika daga garin Fika aka kawo ta nan Potiskum, saboda nan ne bakin babbar hanyar da ta nufi Maiduguri. Wannan shekara ta 1924 ku riƙe ta da kyau, domin daga ita komai ya canza. Inda sarki ya zauna, nan En'e ke zama, nan ake gina baitulmali da kotun alƙali da gidan yari da makaranta da asibiti. Inda waɗannan suke kuwa, nan ɗan kasuwa ke kafa rumfa. Sabon gari ya tashi a gefen fada, ya yi ta cika, tsohon mazauni kuma ya zama kamar ƙauye a bayan gari.

Mun san maganar sarautun nan biyu magana ce mai nauyi, kuma ba tamu ba ce. Abin da kowa ya sani shi ne, a 1993 Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya ƙara yawan masarautun Jihar Yobe daga 4 zuwa 13, Pataskum na ciki. Soja suka zo suka soke, sannan da ya dawo mulki ya maido da su a watan Janairun 2000, Alhaji Umaru Bubaram Ibn Wuriwa Bauya ya zama Mai Pataskum. A ɗaya fadar kuma, bayan rasuwar Mai Fika Alhaji Abali Ibn Muhammadu a 2009, aka naɗa ɗansa Alhaji Muhammadu Abali Ibn Muhammadu Idrissa. Mu dai duka biyun iyayenmu ne. Baƙon kirki ba ya shiga tsakanin masu gida, sai dai ya yi musu addu'ar zaman lafiya.

YADDA IYAYENMU SUKA ZO

To mu fa, yaya aka yi muka zo? Kowa a cikin ɗakin nan yana da labarin gidansu. Wasu kakanninsu fatake ne daga Kano da Haɗeja da Gumel da Katagum da Damagaram, masu kawo goro da tufafi su koma da fata da kanwa. Wasu mahauta ne, wasu dukawa, wasu maɗinka. Wasu almajirai ne da suka nufi gabas neman karatun Alƙur'ani. Wasu ma niyyar Makka suka yi a ƙasa, guzuri ya ƙare a nan, suka ce bari su yi sana'a ta shekara ɗaya su wuce, shekara ɗayan nan ita ce har yau jikokinsu ba su gama ba. Sannu a hankali muka yi yawa har aka san mu da unguwa, yau ma ga mazaɓa guda da ake kira Hausawa/Asibiti.

Abin da muke so samari su gane shi ne, babu wanda ya zo da ƙasa a cikin buhu. Duk wanda ya sauka, wani ne ya sauke shi. Idan mutum yana son gona, sai mai masaukinsa ya kai shi wurin Bulama, Bulama ya kai shi wurin Lawan, a nuna masa wuri a ce noma daga itacen can zuwa tururuwar can. In kaka ta yi ya kai dami ɗaya ko biyu na godiya. Ba takarda, ba lauya. Iyayenmu da yawa a gonakin mutanen Yerimaram da na ƙauyukan kewaye suka ci tuwon shekarunsu na farko a ƙasar nan. Wannan bashi ne a wuyanmu, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

ABIN DA YA SA GARI YA BUNƘASA

Abu uku ne a ganinmu suka hura garin nan har ya kumbura.

Na farko hanya. Jirgin ƙasa bai biyo ta nan ba. Da aka ja layin dogo zuwa Maiduguri, wanda ya isa a 1964, ta Gombe da Buni Yadi ya bi. Wasu suka ɗauka an bar mu a baya, ashe alheri ne, domin duk kayan yankin nan sai ya zamana a mota yake tafiya. Hanyar Kano ta Azare, da ta Bauchi da Jos, da ta Gashuwa, da ta Fika zuwa Gombe, da ta Damaturu zuwa Maiduguri, duk a nan suka haɗu. Daga nan mutanen garin suka shiga harkar manyan motoci, har aka san Potiskum da tirela a duk faɗin Nijeriya. Tirela ɗaya kuwa tana ciyar da direba da yaran mota da makanike da mai faci da mai walda da ɗan kamasho da 'yan dako da mai abinci a tasha. Kowannensu yana son ɗakin kwana.

Na biyu kasuwa. Kasuwar shanunmu ta ranar Laraba tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Dabbobi na shigowa daga Chadi da Nijar da Kamaru da cikin Barno, a yi ciniki a hannun dillalai da fatoma, a yi lodi zuwa Legas da Fatakwal da Anacha. Ga kasuwar hatsi, gero da dawa da wake da riɗi da gyaɗa. Wanda ya zo cin kasuwa sau goma, na sha ɗaya da iyalinsa yake zuwa.

Na uku wahala. Wannan shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Farin 1973 ya koro mutane daga arewa. Cutar bushiya ta 1983 ta kashe shanu, ta mayar da masu garke 'yan ga-ruwa da masu gadi. Farin 1984 ya biyo baya. Kowace masifa ta sauka a karkara, gari ne ke karɓar mutanenta. Haka kuma da aka ƙirƙiro Jihar Yobe ranar 27 ga Agusta 1991, Damaturu aka ba hedkwata, amma ciniki bai tashi daga nan ba. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Potiskum mutum dubu 205 da ɗoriya. Duk wanda ya zagaya gari yau ya san an wuce nan da nisa, musamman bayan shekarun tashin hankali.

Shekarun nan ba sai mun tuna wa kowa ba. Harin kasuwar shanu na watan Mayun 2012, da kisan ɗalibai a makarantar Mamudo a watan Yulin 2013, da bam ɗin makarantar kimiyya ta gwamnati a watan Nuwamban 2014, duk a idonmu aka yi. Aka sa dokar ta-ɓaci a 2013, aka yanke layin waya, aka hana hawa babur. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sa ba za mu sake ganin irin wannan ba. Abin lura shi ne, harsashi da bam ba su tambayi kowa ƙabilarsa ba. A maƙabarta ɗaya muka yi ta binne Bahaushe da Bangizime da Babole da Bakarkare da Bafulatani da Babarbare. Kuma a shekarun nan ne dubban 'yan gudun hijira suka shigo gari, suka ƙara matsa wa filayen bayan gari.

YADDA GONA KE ZAMA UNGUWA

Mu da muke cikin shekaru hamsin da wani abu, mun tarar da gonaki tsakanin gari da Yerimaram. Muna yara ana aikenmu can sayo ƙwai da kaji, mu ratsa cikin gero da damina, raɓa ta jiƙa mana wando. Yau wannan tafiya a Keke Napep ake yin ta, gida na jingine da gida, ba za ka iya nuna inda gari ya ƙare ƙauye ya fara ba. Abin da ya sami Yerimaram shi ne yake tunkarar Garin Daye da Badejo da Nahuta, waɗanda aka haɗa su da ita a mazaɓa ɗaya.

Yadda abin ke faruwa kuwa duk mun sani, domin da kuɗinmu ake yi. Mai gona ya rasu, magada su yi yawa, gona ta yi kaɗan a raba a noma. Dillali ya zo ya ce ga mai saye. A kawo igiya a yi awo, a yanka filoti-filoti, a kafa turaku. Wannan shi ne awon igiya. Mai awo yana son filoti ya yi yawa, saboda haka sai ya matse hanya, ba ya barin wurin makaranta, ba ya barin magudanar ruwa, balle filin maƙabarta. Mai saye ya zagaye da katanga, ya haƙa masai, ya tare. Bayan shekara biyar an sami unguwa mai mutum dubbai, ba famfo sai kurar 'yan ga-ruwa, motar kashe gobara ba ta iya shiga lungu, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakuna. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce filin cikin gari yana hannun Gwamna ne a matsayin amana, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mutum nawa ne a nan yake da takardar gwamnati ta gidansa?

Shi kuma wanda ya sayar fa? Kuɗin fili ba ya kwana. A yi aure, a sayi babur, a je Umra, shekara biyu babu ko sisi. Gonar da ta ciyar da gida tun kaka da kakanni ta tafi, ɗan mai gona ya koma leburan gini a kan ƙasar ubansa, ko ya yi tafiya mai nisa neman gonar aro. Mu 'yan kasuwa mun san ciniki halal ne idan an yi shi da yarda. Amma mun kuma san akwai cinikin da ake gamawa zuciya ba ta kwanta ba.

Bari mu ba ku labarin gidanmu, don kada a ce muna nuna wasu da yatsa. Shekarun baya mun sayi filoti biyu a gefen Yerimaram ta hannun wani dillali. Aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, muka biya. Ranar da magina suka fara haƙa harsashi sai ga wata dattijuwa ta zo ta zauna a gindin katangar maƙwabci, ba ta ce uffan ba har azahar. Da muka je muka gaishe ta muka ce, "Iya, lafiya?" sai ta ce gonar ubanta ce, ƙannenta maza suka sayar ba su gaya mata ba, ba su ba ta ko ƙwandala ba. Ta ce ba rigima ta zo yi ba, ta zo ne ta ga wurin kafin a rufe shi. Wallahi jama'a, daren nan ba mu runtsa ba. A Islamiyya an karantar da mu rabon gado, an karantar da mu girman zunubin cin ƙasar wani ko da taƙi ɗaya ne. Muka tsayar da aiki, muka koma wurin Bulama, aka tara magada, aka kira malami ya fitar mata da rabonta. Sai da muka yi ciko daga aljihunmu kafin magana ta mutu, ginin ya makara da shekara guda. Ba mu faɗi wannan don a yaba mana ba, domin da mun yi tambaya tun farko da ba a kai ga haka ba. Tambaya ɗaya ce: magada nawa ne, kuma matan cikinsu sun yarda?

HARSHE DA SUNA

Akwai wani abin da gari ke haɗiyewa bayan gona, shi ne harshe. Yau ka shiga gidan Bangizime a cikin gari, sau da yawa za ka ji kaka tana magana da Ngizimanci jika na amsa mata da Hausa. Wasunmu har daɗi suke ji, suna cewa Hausa ta ci gari. Mu dai muna ganin abin a yi tunani ne. Wani Bature ɗan Amurka, Russell Schuh, wanda ake kira Malam Takalmi, ya zauna a garin nan ya koyi harshen, ya buga ƙamus na Ngizimanci a 1981, daga baya kuma shi da Alhaji Maina Gimba da wasu 'yan ƙasa suka yi aikin ƙamus na Bolanci da Karekare da Ngamo da Bade. Ya rasu a 2016. Mutum ya taso daga bayan teku ya yi wannan, mu da muka shekara sittin, saba'in muna maƙwabtaka, muna auratayya, mutum nawa ne a cikinmu zai iya gaida dattijo da harshensa?

Ku dubi Kano, wadda yawancinmu muke kira gida. Hotoro da Tarauni da Ɗorayi da Giginyu duk ƙauyuka ne a da, yau yaran da ke cikinsu ba su san haka ba. Ku dubi Garki a Abuja, yadda Gbagyi suka wayi gari birni ya kewaye su. Idan muka je Kano muka ji dattijon Hotoro yana kukan gonarsa, tausayinsa muke ji, domin namu ne. To dattijon Yerimaram ma haka yake ji.

Mun san mu ma muna da namu kukan. Yaro an haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, harajinmu a nan, kabarin kakansa a nan, amma ranar da ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa don makaranta ko aikin gwamnati, wani lokaci sai a ce ya tafi garinsu. Ya je garin nasu a ce ba a san shi ba. Wannan yana yi mana ciwo, kuma za mu ci gaba da bin hanyar da ta dace cikin ladabi. Amma fa mu sani, wanda yake son a ƙirga shi cikin 'yan gida, sai ya san tarihin gidan, ya san manyansa, ya je musu gaisuwar mutuwa da barkar suna. Ba zai yiwu mu sayi gonar mutum, mu canza wa wurin suna, ba mu san sunan kakansa ba, sannan mu ce ya ɗauke mu 'yan uwa.

SHAWARWARI

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe shugaba, ga abin da muke roƙon ƙungiya ta duba.

Na ɗaya, duk ɗan ƙungiya da zai sayi fili a ƙauyukan gefen gari, kada ya biya sai ya ga magada duka, maza da mata, a gaban Bulama ko Lawan, sannan ya bi sawun takardar hukuma.

Na biyu, masu hali a cikinmu su haɗa kuɗi a sayi fili tun yanzu a ajiye don maƙabarta da makarantar Islamiyya a sababbin unguwanni, a yi shi waƙafi na kowa da kowa, ba na Hausawa kaɗai ba. Filin da ake saye yau, nan da shekara biyar ba za mu iya taɓa shi ba.

Na uku, mu daina laƙa wa wurare sababbin sunaye. Inda muka tarar da suna, mu bar shi, mu koya wa yara faɗarsa daidai.

Na huɗu, a zaɓi samari uku ko huɗu masu ilimi, su nemi izinin masu unguwa, su je su zauna da dattawan Yerimaram da namu dattawan, su ɗauki maganarsu a waya su rubuta. Waɗanda suka ga garin nan yana ƙarami saura kaɗan, kowace shekara muna binne wasu. Abin da aka samu a buga a mujallar nan, a kai kwafi fadar Mai Fika da fadar Mai Pataskum.

Na biyar, idan aka tashi ɗaukar yaran shago ko yaran mota, a tuna da 'ya'yan waɗanda muka zauna a gonakinsu. Iyayensu sun ba iyayenmu wurin noma lokacin da ba mu da komai. Koya wa ɗansu ciniki shi ne mafi ƙarancin abin da za mu rama da shi.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Wanda maganarmu ta ɓata wa rai ya yafe mana, ba da nufi ba ne. Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya jiƙan iyayenmu da waɗanda suka sauke su, ya zaunar da Potiskum da Jihar Yobe da Nijeriya lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu da zuriyarmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.